Ɓerayen Masar na Sodangi

Sunana Tani, matar marigayi Sodangi na reluwe. Yanzu da ba ya nan ne bakina yake iya faɗin sunan, yana raye maigida nake cewa. Duk wanda ya zauna bayan tashar jirgi ta Kaura Namoda a shekarun nan ya san gidanmu, kuma ba don arziki ya san shi ba. Gidan masu kiwon ɓera ake ce masa. Na gaji da yi wa mutane bayani cewa ɓeran Masar ba ɓeran rumbu ba ne, ba shi da wutsiya, ba ya sata, ba ya cin komai sai ganye. Ka gama ɓata yawunka, mutum ya dube ka ya ce to ai dai ɓera ne.

Alheri ce ta ba mu su, matar wani direban jirgi mutumin Kafanchan, lokacin da aka yi wa mijinta canjin wurin aiki a 1981. Ta shigo da su cikin kwando, 'yan mitsi-mitsi guda biyu, ɗaya ja da fari, ɗaya baƙa wuluk. Ni na karɓa ne don kunya, a raina ina cewa tana juya baya zan san yadda zan yi da su. Sodangi ya dawo daga gyaran layin dogo, ya durƙusa gaban kwandon da kayan aikinsa a jiki, har tuwonsa ya huce bai tashi ba. Daga ranar na san an yi mini baƙin da ba za su tafi ba.

Shi ya gina musu akurki a kusurwar gida ta gabas, inda inuwar zogale take sauka da rana. Ya yi gini gajere na laka, ya rufe sama da waya saboda kyanwa da shaho, ya shimfiɗa ɓawon gyaɗa a ƙasa, ya kifa musu fasasshiyar tukunya biyu don su sami wurin ɓuya. Baƙar ya sa mata Kyauta. Mai ja da farin kuwa, da yake ba ta iya komai ba sai zama a kawo mata, ga ƙiba, ya sa mata Hajiya. Kullum in ya taso daga aiki sai ya bi ta bakin kogin Gagare ya yanko ɗanyar ciyawa ya ɗaure a bayan keke, in ya iso ƙofar gida ya kaɗa ƙararrawa sau biyu. Kafin ya shigo da keken sun cika gidan da tsuwa, wata irin tsuwa mai kama da fito, suna miƙewa da ƙafafun baya. Ni da na dafa abinci ban taɓa yi masa irin wannan maraba ba, kuma ya sha yi mini gori a kan haka.

Shekara ashirin da uku muna tare, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ban taɓa ko ɓari ba. Shi bai taɓa ɗaga mini maganar ba, amma gari ya ɗaga mini ita har na haddace. A wurin suna, a wurin biki, a asibiti, a cikin mota, mace ba ta san ki ba sai ta fara da, "Ɗiya nawa?" In kin ce babu, ta ce, "Ko taɓa haihuwa ba ki yi ba?" Sai kuma ta yi miki addu'a da murya mai ƙarfi don kowa ya ji.

Da ɓerayen suka shekara ba su haihu ba, sai muka gane duka mata ne. Wata safiya a bakin famfo, Hadiza maƙwabciyata ta faɗa wa wata, tana zaton ban iso ba, "Gidan ga ko ɓera bai haihuwa." Suka yi dariya. Na dawo da tuluna babu ruwa, na ce wa Sodangi ya nemo namiji ko ta halin ƙaƙa. Ya ce, "Bas su, Tani. Su biyu sun ishi juna, kaman ni da ke." Na yi fushi kwana biyu, daga baya na bar maganar.

Ya rasu bayan kaka a 1983, ciwon kwana huɗu. Aka raba abin da ya bari, keken ya faɗa rabon ƙanensa, ni 'yan'uwansa suka bar ni a cikin gidan. Ɓerayen babu wanda ya tambaya, ba a ko sa su cikin gado ba.

Abin da ya riƙe ni a takaba ba wa'azin masu gaisuwa ba ne. Da yamma in ma'aikata sun taso, duk mai keken da ya kaɗa ƙararrawa a lungunmu, Hajiya da Kyauta sai su ɗauki tsuwa su miƙe suna kallon ƙofa. Su ba a gaya musu ba. Ni kuma sai in rufe ido, in bar kaina in yarda na ɗan lokaci kaɗan cewa yana nan yana jingine keke a zaure. Duk garin nan an gama da Sodangi ranar sadakar arba'in, amma a cikin akurkin nan ana jiransa kullum.

Bazarar da na fita takaba ta yi zafin da ban taɓa gani ba. Ina jiƙa buhu in rufa musu yadda yake yi, buhun ya bushe kafin in juya. Wata azahar na tarar da Kyauta a miƙe a bakin tukunyarta. Na binne ta a gindin zogale, ban gaya wa kowa ba, don na san abin da za a ce.

Daga ranar Hajiya ta daina ci. Na kawo ciyawa, na kawo ganyen dankali, na je har lambu na roƙo latas da karas, ta shinshina ta koma cikin tukunya ta juya mini baya. Keke ya wuce da ƙararrawa, ta ɗaga kunne, ta yi wata 'yar tsuwa guda ɗaya da ƙyar. Kwana huɗu ƙasusuwan bayanta suka fara fitowa a hannuna. Tsoro ya kama ni sosai. In ta mutu, babu sauran mai rai a gidan nan da ya san ƙarar kekensa sai ni, ni kuwa na san ba zai dawo ba.

Ana cikin haka yayana Maccido ya zo daga Zurmi. Manomi ne mai awaki da tumaki, kuma tun ranar rasuwa yake so in tattara in koma gidansa. Ya same ni a tsugune gaban akurki ina lallashin ɓera da ganyen latas, ya yi salati.

"Tani, mi kike yi haka? Ki taho gida, ga ɗaki nan an gyara maki."

"Yaya, gidanka kyanwa ukku. In kai ta can a cinye man ita?"

Ya leƙa, ya daɗe yana kallonta. Maccido bai san ɓeran Masar ba, amma ya san dabba. Ya ce, "Wagga ba ciwo na ba, kewa ta. Akuya ma in ta rasa 'yar'uwa tata haka take. Ki samo mata namiji aro, kaman yadda muke aron bunsuru. Shi zamna da ita, ta ɗau ciki, ki maida shi da ɗa guda na mai shi, sauran naki. Kin huta da kewa har abada."

Ya ce ya taɓa jin labarin wani mutum mai suna Malami a Shinkafi, tsohon malamin dabbobi da ya bar aiki, yana kiwon zomaye da tantabaru da irin waɗannan abubuwan. Maganar kewa na ji ta, amma gaskiya ba ita ta tsaya mini a rai ba. "Ta ɗau ciki" ne ya tsaya mini. A raina na ga 'ya'yanta suna gudu a tsakar gidan nan, na ga fuskar Hadiza.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, na bar wa Hajiya ruwa da ganye, na ɗauki kwandon nan na Alheri na shiga motar 'yan kasuwa. An matse ni tsakanin buhunan albasa da wata tsohuwa da ta tambaye ni ɗiya nawa tun ba mu bar Kaura ba. Na yi kamar barci nake.

Gidan Malami ba wuyar samu, kowa ya san shi. Dattijo ne siriri mai tabarau ɗaure da zare. Na same shi a zaure da mutum huɗu 'yan cin kasuwa, sun zo sayen tantabaru. Na durƙusa na gaishe su, na faɗi abin da ya kawo ni. Mutanen suka fara murmushi, shi bai yi ba. Ya ce lalle dabbar nan ba ta zama ita kaɗai, kewa tana kashe ta.

"Baiwar Allah, mace zan ba ki, ƙarama. Ita ta hi sauƙin haɗi."

"Malam, namiji nike so. Aro, in maido ma da ɗa guda."

Ya gyara tabarau. "Taki shekara nawa?"

"Ukku da 'yan watanni."

"Ta taɓa haihuwa?"

Maza huɗu suka juyo suna kallona. Na san ɓera yake tambaya, ban rikice ba, ban yi kuskuren ji ba. Amma shekara ashirin da uku ina amsa tambayar nan da "a'a", kuma duk lokacin da na amsa sai an tausaya mini a gaban jama'a. Ranar na ji ba zan iya ba, ko a madadin ɓera. Ban so a ce daga gidanmu ta fito kuma ita ma ba ta taɓa ba.

Na ce, "Awo. Sau biyu."

Ya ce, "To alhamdu lillahi. In dai ta taɓa, babu damuwa."

Na ji wannan maganar sarai. Wata mai hankali da ta tsaya ta ce, in ba ta taɓa ba fa? Ni ban tambaya ba. Na ɗauka irin maganar mutane ce, su da komai na mace sai sun auna shi da haihuwa.

Ya shiga ciki ya fito da wani namiji ruwan ƙasa mai tsayayyen gashi a ka. Ya koya mini yadda zan haɗa su. Kar in jefa shi cikin akurkinta, za ta ga an shigo mata gida. In share wani wuri a tsakar gida da babu warin kowa, in zuba ciyawa da yawa, in sake su can su san juna a kan abinci. In wanke akurkin in sake shimfiɗa, in bar tukunya biyu don kowa ya sami wurin gudu. In cikin ya tsufa kuma in raba su. Duk na haddace, na yi godiya, na kama hanya ina jin kamar na sayo saniya.

Na yi yadda ya ce. Namijin ya sauka yana wani gurnani yana rangaji da ƙugu, shi a dole ga ango. Hajiya ta dube shi ta kau da kai. Ya zagaye ta, ta kai masa haƙori, ya ja da baya ya kama cin ciyawa kamar abin bai dame shi ba. Can sai na ga ta matso, ta fizge ganyen da ke bakinsa ta cinye. Kwana tara rabonta da ci da kanta. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na yi wa Maccido addu'a, na yi wa Malami.

Sati biyu ta murmure. Wata yamma keke ya wuce da ƙararrawa, ta miƙe da ƙafafun baya ta cika gidan da tsuwa kamar da. Namijin ya tsaya yana kallonta, bai san abin da ake yi ba.

Damina ta yi gardama a shekarar. Ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa yana murɗewa, Maccido ya aiko cewa a Zurmi an fita roƙon ruwa har sau uku. Ni abin kunya, ban damu yadda ya kamata ba. Ina tafiya har bakin Gagare neman ɗanyar ciyawa da sassafe, ina dawowa da waƙa a bakina, don Hajiya ta fara faɗi ta baya. Wata rana na ɗora yatsu biyu a gefen cikinta, sai na ji abu ya motsa, ya tokare ni ya koma. Ban taɓa jin motsin ɗa ba, ko a jikina ko a jikin wata, don ban taɓa yarda na taɓa cikin mace ba. Na daɗe a durƙushe hannuna yana wurin.

Ban iya riƙewa ba. Na leƙa ta katanga na ce, "Hadiza, ɓeran gidan ga da ba ya haihuwa, ki shirya zuwa suna." Ta yi dariyar yaƙe ta ce Allah ya raba lafiya. Na ji daɗin ganin ta tuna maganarta.

Da aka haura wata biyu, cikin ya yi girman da ba ta iya tafiya sai jan jiki. Na ware namijin a ƙarƙashin kwando. Ranar wata Talata da hantsi ta fara naƙuda. Malami ya ce mini abu ne na ɗan lokaci, kafin a dafa shayi an gama. Na zauna ina jira. Ta yi nishi, ta sunkuya ta duba ƙarƙashinta, babu komai. Ta sake. Azahar ta yi, na yi salla a gurguje na dawo, tana nan tana yunƙuri, ɗan jini a kan ɓawon gyaɗa. Na shafa mata man shanu da ɗan yatsa, na ji kan ɗan yana nan kusa, amma hanyar kamar an gina ta da dutse. Na ɗiga mata ruwa a baki. Na tofa duk addu'ar da na sani. Na yi tunanin kiran ungozoma, na tuna dariyar da za a yi, kuma ko ta zo me za ta yi da abin da bai kai tafin hannunta ba?

Bayan la'asar ta daina yunƙuri. Na ɗauke ta na sa a cinyata. Motsin cikin ya tsaya tun kafin nata ya tsaya. Ma'aikata suna tasowa ta cika, ina jin kekuna suna wucewa a lungu.

Na binne ta kusa da Kyauta da 'ya'yan a cikinta. Ban san ko nawa ba ne.

Alhamis na mayar da namijin, don abin aro ne, kuma shi ma ya fara ƙin ci. Wannan karon na sami Malami shi kaɗai yana ba zomaye dusa. Ya buɗe kwandon ya ga ɗaya, ya dube ni. Na gaya masa yadda aka yi. Ya ajiye kwanon dusar, ya ce, "Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah ki hwaɗa man gaskiya. Ta taɓa haihuwa?"

Na ce, "A'a."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna a kan turmi ya yi mini bayani a hankali kamar mai karanta wasiƙa. Ya ce ita wannan dabba, in ba ta haihu tun tana ƙarama ba, kafin ta shekara ƙashin ƙugunta yakan haɗe ya ƙi buɗewa. In ta ɗauki ciki bayan nan, sau da yawa 'ya'yan ba su da hanyar fita. Ba kamar akuya ba ce.

"Shi ya sa nit tambaye ki. Da kin ce man a'a, da mace nib ba ki. Da yanzu tana nan tana cin ciyawa tata, har shekara ukku nan gaba in Allah ya so."

Na tuna Sodangi yana cewa a bar su. Ban san ko Alheri ta gaya masa wani abu ba ne, ko kuwa shi dai bai ga abin da suka rasa ba. Ba ni da wanda zan tambaya.

Malami ya shiga ciki ya fito da ɓeraye mata biyu ƙanana a tafin hannunsa, ɗaya har da ja da fari. Ya ce in tafi da su kyauta, ba aro ba. Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Na dube su, suna da kyau, suna ta motsa hanci.

Na ce, "Malam, waɗanga ba su san mai gidan ba."

Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. Na bar masa kwandon ma.

Na iso Kaura da yamma. Na shiga gida ban cire mayafi ba, na zauna a bakin akurki. Tukwanen nan biyu suna kife, ragowar ciyawar Talata ta bushe. Can wani mai keke ya shigo lungu, ya kaɗa ƙararrawa daidai ƙofarmu, sau biyu, don yara su ba shi hanya. Na rufe ido yadda na saba, na jira. Keken ya wuce, na ji ƙarar kacarsa har ta ɓace.

Da safe na je tashar mota na ba direban Zurmi saƙo, ya gaya wa Maccido ya zo ya kwashe ni.